Musayar Waƙa: Mai Jifa Ya Ɗauki Gora, ko a Naɗa Masa Wakili?

Baba Ɗanjuma, St. Louis:
Salamu alaikum. Ga wanda bai san zancen ba: a besbol na Amurka mutum tara ke jerin masu dukan ƙwallo, kuma da can har mai jifa sai ya ɗauki gora in layi ya zo kansa. A 1973 American League, ɗaya daga cikin manyan gasannin besbol biyu na ƙasar, ta yarda wani ya riƙa duka a madadinsa, mutumin da ba ya tsaron fili ko kaɗan. Su suna ce masa DH, ni wakilin gora nake kiransa. Ɗaya gasar, National League, ta yi ta turjiya, ta ɗanɗana a 2020 lokacin korona, a 2022 ta miƙa wuya gaba ɗaya. Raina bai kwanta ba har yau.

Bismillahi na buɗe fage,
Zan yi kuka kan wasan 'yan tara.
Mai jifa da shi ke dukansa,
In layi ya zo ya ɗau gora.
Yau an naɗa masa wakili,
Ba tsaron fili, sai damun fura.
Sau huɗu zai miƙe a wasa,
Ya buga, ya koma inuwa hira.
Wanda ya ci ladan kuturu,
Sai ya yi aski kafin ya tsira.
Mai jifan haƙarƙarin mutane,
Da ya san shi ma za a auna shi a jera.

Ɗan Bronx:
Baba, Allah ya ja da ranka,
Amma yau ka saki hanyar gaskiya.
Mai jifa in ya riƙe gora,
Kamar an miƙa wa kaza tsintsiya.
Sau goma ya tsaya a fage,
Da jiɓin goshi zai samu ɗaya.
Da gumina na yanki tikiti,
Ban zo kallon ƙato yana jin kunya.
Duka ya yi wuya, kujeru wayam,
Shi ya sa magabata suka canja hanya.

Wakili na farko ma namu ne, Baba: Ron Blomberg na Yankees, ƙungiyarmu ta Bronx, ranar 6 ga Afrilu 1973 a filin Fenway na Boston. Abin dariya, bai ma doki ƙwallon ba, Luis Tiant ya yi ta jifa a karkace har aka ba shi tashar farko kyauta, wato ta farko cikin tashoshin da mai duka ke zagawa kafin ya ci maki.

Hajiya Uwar Biyu, Seattle:
Maza ku matsa ku ba ni fili,
Ni ma da magana a bakina.
Yaya Ɗanjuma, ka ce mai shan fura,
Ka taɓa Edgar Martinez, ka taɓa raina.
Kaka 18 a Seattle,
Bai sake riga ba, gwanina.
Jijiyar cinya ta raba shi da tsaro,
Gorarsa kuwa ba ta daina ƙuna.
David Ortiz, wakilin Boston, fa?
Sau 541 ya tsallakar da ƙwallo katanga, ɗan'uwana.
Ka zauna har jiki ya yi sanyi,
Ka tashi ka tari jifa kamar wutar rana,
In hutu ne wannan, Yaya,
Zo ka gwada sau ɗaya a gabana.

Baba Ɗanjuma:
Hajiya, na janye furar, Edgar ya wuce raini. Amma ku saurari wannan.

Bakwai ga Mayu, 2016,
A San Diego aka yi abin tunawa da hira.
Bartolo Colón, mai jifan Mets,
Shekara 42, tumbi kamar ƙwaryar fura.
Mutumin da in ya kaɗa gora,
Hular kwano ke faɗuwa, a yi ta ƙara.
Ran nan ya haɗu da jifan James Shields,
Ƙwallo ta haye katanga, ta bar mu da ihu da sara.
Ya zaga tashoshi yana rangaji,
Ba gaggawa, kamar angon da ke shan tsara.
Abokansa suka ɓuya daga benci,
Ya dawo ya tarar ba kowa, sai gora.
Bai taɓa yi ba, bai sake yi ba,
Wannan daɗin dokarku ta share shi da shara.

Ga kuma lissafin koci a zagaye na bakwai: mai jifa yana kan ganiyarsa, ana neman ci ɗaya, layi ya zo kansa. A cire shi ko a bar shi? Gardamar da muke kwana muna yi ke nan, yanzu an sauke wa koci kayan.

Ɗan Bronx:
Baba, sau ɗaya a shekara ashirin,
Wa zai shuka gona don ƙwaya ɗaya?
Tuna Adam Wainwright na garinku,
A 2015 ya tsinke jijiyar dunduniya.
Ba wurin jifa ya ji ciwon ba,
Daga duka ya zabura, ƙafa ta ƙi tafiya.
Mu ma Chien-Ming Wang, a 2008,
Gudun tasha a Houston ya kai shi jinya.
Miliyoyin daloli kan hannu guda,
Ka tura shi gudu? Haba, a ji tausaya.

Hajiya Uwar Biyu:
Ku biyun kun manta Shohei Ohtani,
Ɗan Japan da ya haɗa ku a kwano ɗaya, 'yan'uwana.
Yana jifa, yana wakiltar kansa,
Har doka aka gyara dominsa a 2022, na tuna.
A 2024 hannu na jinya, bai yi jifa ba,
Ya tsallakar da 54, ya saci tasha 59, ina gani da idona.

Baba Ɗanjuma:
Ohtani ai hujjata ce, Hajiya,
Ga mai jifa, ga shi da gora.
Ni dai na koma kallon Japan,
Gasarsu ta Central League ba ta bin wannan tsara.
Zan tashi da asuba in kunna,
In ga mai jifa yana duka, in sha fura.

Ɗan Bronx:
Baba, ban so in faɗa maka ba,
Amma ɓoye maka ba tarbiyya.
Su ma sun sanar, daga 2027,
Wakili zai shiga, an gama shawara gaba ɗaya.

Baba Ɗanjuma:
Yaro, ka ɓata mini shayin safe. Baiti ya ƙi zuwa, ku ba ni zuwa gobe.