Kwale-kwalen Hudson: musayar baitoci

Ɗan Funtuwa:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wannan makon Henry Hudson na kawo, matuƙin jirgin ruwa ɗan Ingila. Sau huɗu ya fita tsakanin 1607 da 1610, yana nema wa fataken Turai gajeriyar hanyar ruwa zuwa Sin ta arewacin duniya. Kogin da New York ke bakinsa, da babbar tekun nan ta arewacin Kanada, duk sunansa suke amsawa. A Yuni 1611 mutanensa suka yi masa bore, suka sauke shi a kwale-kwale da ɗansa John da wasu mutum bakwai. Ba a sake ganinsu ba. Na buɗe da ƙafiyar "wa".

Da sunan Mai ruwa da tudu na fara,
Shi ke kashewa, Shi ke rayawa.

Hudson na Ingila zan ambata yau,
Matuƙin da ba ya jin kiran komowa.

Fataken Landan suka ba shi jirgi,
Suka ce ka nemo mana Sin ta arewa.

Ya doshi ƙuryar duniya, ƙanƙara ta tsaya,
Farin bango, babu wurin ratsawa.

Ya sake shiri, ya bi ta saman Rasha,
Nan ma ta ce masa babu wucewa.

Holan ta ɗauke shi, ya juya yamma,
Ya hau wani kogi har ruwa na raguwa.

Tafiya ta huɗu ita ta sa ni kuka,
Jirgi ya dawo, mai shi ba dawowa.

Baba Mai Goro:

Wa alaikumus salam, Malam. Na karɓa da ƙafiyarka, amma ba duka zan bi ka ba.

Malam, jarumi ne, ban yi musu ba,
Amma shugaba aikinsa dubawa.

Agusta ya shiga babban ruwan nan,
Ya zaci ƙofar Sin ce ke buɗewa.

Wata uku yana kai da komo a gaɓa,
Buhu na raguwa, sanyi na matsowa.

Nuwamba ta zo ta ɗaure jirgin,
A James Bay, ba gaba ba juyawa.

Sun ci tsuntsu har tsuntsu ya ƙaura,
Sai kwaɗi, sai gansakuka ake tonawa.

Dasashi ya kumbura, haƙori na motsi,
Ƙato ya kwanta ba ya tasowa.

Ya sauke Juet daga kujerar mataimaki,
Rigar mamaci ma ta jawo ɓatawa.

Ƙanƙara ta narke, kowa na son gida,
Suka ga shi bai da niyyar komawa.

Maganar riga: mai kula da bindigar jirgin, John Williams, ya rasu a cikin sanyin. Hudson ya yi wa wani ɗan jirgin, Henry Greene, alkawarin rigar mamacin, da suka samu saɓani sai ya ba wani, Robert Bylot. A inda sanyi ke kisa, riga rai ce. Kuma an zargi Hudson da ɓoye burodi da cuku. Na taɓa jan ayari, na san cikin da ya daɗe da yunwa ba ya jin lallashi.

'Yar Damagaram:

Baba, gafarta mini, zan canja ƙafiya.

Baba na ji, yunwa ba ta da kunya,
Amma ku bar ni in yi tambaya.

Yaron nan John, me ya ci musu?
Wane cuku ya ɓoye, a wace tukunya?

Tun tafiyar fari yake bin ubansa,
Ɗan yaro ne mai jan igiya.

Da sassafe suka tare uban a ƙofa,
Suka ɗaure hannuwansa ta baya.

Marasa lafiya daga kan shimfiɗa,
Aka jawo su, da ƙyar suke tafiya.

Mutum tara a ɗan kwale-kwale,
Ba rumfa, ba tudu, ba hanya.

Ni Katherine nake tunawa a Landan,
Mai jiran miji da ɗa gaba ɗaya.

Jirgi ya iso da mutum takwas,
A cikinsu nata babu ko ɗaya.

A 1612 an tura Thomas Button da wannan jirgin dai, Discovery, ya koma tekun. Bai ga ko katako ba.

Kafintan Ƙofar Ruwa:

Hajiya, kin taɓa ni. Tun da Malam ya buɗe nake jiran a zo wajen mutumina, na ga za a wuce shi.

Hajiya share hawaye ki saurara,
Akwai wanda ba a ambaci sunansa.

Philip Staffe, kafintan jirgin,
Ɗan Ipswich, ba wanda ya tilasta masa.

Shi da Hudson ma sun taɓa ɓatawa,
Kan ɗakin da aka ce ya kafa a ƙasa.

Ya ce lokaci ya wuce, sanyi ya kama,
Kyaftin ya zage shi har da barazanar kisa.

Ya haɗiye, ya ɗau guduma ya gina,
Yatsa na daskarewa a jikin ƙusa.

Ranar bore suka ce kai ka zauna,
Jirgi ba ya rabuwa da mai gyaransa.

Ya ce ba ya zama sai dai a tsare shi,
Ya ce su miƙo akwatin aikinsa.

Bindiga ɗaya, albarushi, tukunyar ƙarfe,
Da ɗan gari, shi ne duk guzurinsa.

Ba a tura shi ba, ba a ɗaure shi ba,
Ya sauka ya zauna kusa da mai zaginsa.

Shekarata talatin ina riƙe da zarto, na san abin da akwatin nan ke nufi. Mai shirin mutuwa ba ya neman gizago da guduma. Mutumin nan ya sauka ne da niyyar ya toshe inda ruwa ke shiga, in sun samu tudu ya kafa wa marasa lafiya rumfa. Duk sanda na buɗe akwatina da safe tun da na san labarin, sai ya faɗo mini a rai.

Ɗalibar Shari'a:

Kawu, Allah ya ƙara basira. Iyayena, ku ba ni dama in sa baki.

Kafin mu yanke, ina da tambaya,
Daga bakin wa labarin ya fita?

Abacuk Pricket, yana cikin masu komowa,
Shi ya zauna da alƙalami ya rubuta.

Ya ɗora wa Greene, ya ɗora wa Juet,
Mutanen da mutuwa ta riga ta ziyarta.

Greene ya faɗi a tsibirin Digges,
Sun je wajen Inuit, mutanen yankin, ciniki ya ƙazanta.

Juet yunwa ta gama shi kafin Ailan,
Ƙashin tsuntsu a tukunya, kyandir ne kitsenta.

Mamaci ba ya musu gaban alƙali,
Kotu ta ji mai rai, ta rufe ƙofarta.

Sai a 1618 aka yi shari'ar kisan, kuma an wanke waɗanda aka gurfanar. Bylot, wanda ya tuƙo jirgin gida, an sake ba shi Discovery a 1615 da 1616, ya tafi da William Baffin. Fatake na buƙatar wanda ya san hanya. Don haka, Baba, har zancen ɓoye cuku daga bakin masu neman tsira da wuyansu ya fito.

Baba Mai Goro:

'Yata, kin kama ni a nan, na sallama,
Shaidar mai laifi abar tunawa.

Ban janye ba kan taurin kan Hudson,
Amma ɗaure mara lafiya ba abin karewa.

Greene kuwa a gidan Hudson ya ci tuwo,
Shi ya ɗauko shi, shi ke ciyarwa.

Kafinta, ka ba ni hannu mu gaisa,
Mutuminka ya hana ni runtsawa.

Ɗan Funtuwa:

Na gode 'yan uwa. Hanyar da Hudson ya nema tana nan, amma can arewa da tekun da ya shiga, kuma sai tsakanin 1903 da 1906 Roald Amundsen ɗan Norway ya ratsa ta da jirgi. Akwai wuri ɗaya a labarin da babu wanda ya taɓo, da shi zan rufe. Bayan sun yanke igiya, sun tsaya binciken abinci a cikin jirgi, sai wani ya hango kwale-kwalen yana biyo su.

Sun yanke igiya, sun tsaya rabon burodi,
Wani ya ce ga su can suna matsowa.

Suka ware duk zannuwan iska,
Kamar abokin gaba ne ke tahowa.

Uba na tuƙi, ɗa na tuƙi,
Kafinta na kwarfar ruwa yana zubarwa.

Jirgi ya zam kamar tsuntsu a nesa,
Ya zam ɗigo, ɗigon na ɓacewa.