Hannun PS4 yana jinkiri a akwatin Android TV, ina neman mafita

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da ƙaramin akwatin Android TV da nake haɗawa da talabijin ta HDMI, mai RAM 2GB da ramin USB guda ɗaya tak. Da shi muke kallon YouTube, yara kuma su buga gem.

Na haɗa masa hannun buga gem na PS4, wato DualShock 4, ta Bluetooth, na danne maɓallan Share da PS tare har fitilar ta fara ƙyaftawa, ya kama lafiya lau. Amma da zarar akwatin ya soma jan bidiyo ko sauke wani abu, sai hannun ya riƙa jinkiri. Ka danna yanzu, sai can ya amsa, wani lokacin ma ya katse gaba ɗaya. In na kashe Wi-Fi, garau yake aiki. A wayata ma ba ya wannan halin, don haka ban zargi hannun ba, kodayake na tsokani ɗan ramin nan na bayansa da allura na sake saita shi.

Zatona shi ne Bluetooth da Wi-Fi suna cunkushewa a zangon 2.4GHz, MiFi ɗina kuwa ba shi da 5GHz.

To, in na sayi rauta mai 5GHz matsalar za ta kau? Ko gara adaftar USB mai karɓar wayar intanet? Damuwata a nan ita ce filashin da ke toshe a ramin, ban san ko USB hub, wato abin ƙara yawan ramukan USB, zai ɗauki su biyun ba tare da wuta ta gaza ba. Don Allah wanda ya taɓa gwadawa ya ba ni shawara kafin in kashe kuɗi.