An ƙi karɓar ɗalibaina koyon aiki saboda ba su kai shekara 18 ba

Assalamu alaikum. Ni malami ne, ina shirya ɗaliban ajin ƙarshe na sakandare, 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi, don su samu gurbin koyon aiki lokacin hutu. Mun daɗe muna gwajin intabiyu, da rubuta takardar neman aiki, har da amsa waya da tura imel. Yaran sun ƙware.

A wajen kamfanoni abin ya cije. Na kai wasiƙa mai hatimin makaranta haɗe da sa hannun iyaye, na bi da ƙafata. Hira na daɗi, da an ga shekara 16 ko 17 sai fuska ta canza. Wata manaja ta mayar min da fayil ɗin, ta ce inshorarsu ta ma'aikata ce kawai, in yaro ya ji rauni wa zai biya? Na ce mata yarjejeniyar ƙungiyar ƙwadago ta duniya (ILO) mai lamba 138 aiki mai haɗari ta keɓe wa shekara 18, mu kuwa shigar da bayanai a kwamfuta muke nema. Ko a jikinta.

Don Allah, me ya kamata yarjejeniya tsakanin makaranta da kamfani ta ƙunsa game da wanda zai ɗauki alhakin rauni, har su yarda?