Wanda Ya Ba Da Shaida Ya Rasa Sunansa

Ɗan Kallo:

Salamu alaikum jama'a. Kan fim ɗin nan mai dogon zango na Amurka da muke bi, na buɗe fage. Kowa ya shigo da nasa amsa-amon.

Tauraron fim ɗin mashal ne, jami'in tsaron kotun tarayya, da malafa da bajo,
sammaci a hannu, ba ya tsayawa.
Duwatsun Kentaki, gundumar Halan,
inda ramukan kwal suke ta rufewa.
Dangi guda ke riƙe da ƙauye,
wiwi da ƙwaya su ke rarrabawa.
Sai ɗayansu ya miƙe gaban alƙali,
ya tona asirin kawunsa ba ragawa.
Gwamnati ta kwashe shi da iyali cikin dare,
ta sauya musu suna don ɓoyewa.
To 'yan'uwa ku raba mini gardama:
jarumi ne, ko maci amana ke tserewa?

Kawu Mai Sanda:

Ɗana, ka yi tambaya, ga amsa:
wannan ba tuba ya yi ba.
Tare suka ci, tare suka sha,
bai taɓa cewa haramun ne ba.
Sai da ankwa ta shiga hannu
ya tuna gaskiya ba ta mutu ba.
Ka dubi Sammy Gravano, ɗan Mafiya, ƙungiyar miyagu ta Niyok,
shi kam ba shirin fim ne ba.
Kisa 19 ya amsa da bakinsa,
bai yi musun ko ɗaya ba.
A 1992 ya ba da shaida kan John Gotti,
maigidan nasa bai sake shaƙar iskar waje ba.
Shi kuwa shekara 5 aka yanka masa,
abin da bai kai hakkin rai guda ba.
Ya fice daga shirin ɓoye masu ba da shaida, ya zauna Arizona,
shekarar 2000 ta zo bai daina ba,
aka damƙe shi da safarar ƙwaya.
Hali zanen dutse, ba a taɓa goge shi ba.

'Yar Lauya:

Kawu, Allah ya ƙara girma,
ina da ja, a yi mini haƙuri.
Mutumin kirki bai ga daren kisa ba,
sai wanda ya riƙe fitila a bakin kabari.
Shi kotu ke nema ko da jini a hannunsa,
don shi kaɗai ke da ainihin labari.
A 1963 ɗan Mafiya Joe Valachi ya buɗe baki
gaban 'yan majalisar dattawa, ya tona asiri.
Amma wa zai yarda ya bi sahunsa
in ana harbe mai magana a tsakiyar gari?
Gerald Shur, lauya a ma'aikatar shari'a,
shi ya zauna ya fito da tsari.
Doka ta fito a 1970,
aka danƙa wa mashal riƙon shiri.
Sabon suna, sababbin takardu,
kuɗin haya har ya sami aiki a sabon wuri.
Hukumar na cewa duk wanda ya bi ƙa'ida
ba a taɓa cim masa ba da sharri.
A sassauta wa ɗaya a ɗaure goma,
Kawu, ban ga asara ba a wannan jari.

Kawu Mai Sanda:

'Yata, lissafinki ya fita daidai,
amma uwar wanda aka kashe ba a tambaye ta ba.

Malam Na-Gefe:

Ku biyun kun tafi birni kun bar mana ƙauye, alhali can rikicin yake.

Gravano ƙungiya ya bari a birni,
na fim ɗinmu ya bar jininsa.
Wanda ya tona ƙanin uwarsa ne,
wanda aka ɗaure abokin wasansa.
A Halan kowa ya san kakan kowa,
ɗan sanda ajinsu ɗaya da ɓarawonsa.
Iyaye sun haƙa kwal a rami ɗaya,
kowa ya fito da baƙar ƙura a huhunsa.
Shekarun 1930 aka yi ta zub da jini,
mahaƙi na yajin aiki, kamfani da 'yan bindigarsa.
Masu bajo suka tsaya bayan kamfani,
talaka ya rubuta wannan a ransa.
Shi ya sa in baƙo ya zo da tambaya
kowa kan ja ƙofa ya kama bakinsa.
Kaka giyar masara yake dafawa a ɓoye,
jika ya taso da wiwi a gonarsa.
A 1996 OxyContin, ƙwayar rage zafin ciwo, ta shigo kasuwa,
mai ciwon baya ya karɓo wajen likitansa.
Rami ya rufe, ƙwaya ta zauna,
marar albashi ya mai da ita jarinsa.
Ban wanke kowa ba, jama'a,
na dai nuna muku inda mugu ya sha ruwansa.

Gwaggo:

Duk kun yi ta maza, ni matar nake kallo,
ba wanda ya nemi jin ra'ayinta.
Ba ta sayar ba, ba ta harba ba,
tsakar dare aka ce ta haɗa jakarta.
Hoton biki ta ɗauko za ta saka,
mashal ya girgiza kai ya ajiye mata.
Ɗanta na kwance a kujerar baya,
tana koya masa sabon suna da bakinta.
A makaranta malama ta kira rajista
sau uku kafin yaron ya amsa mata.
Wasiƙa sai ta bi ta hannun hukuma,
kada dangi su gane inda aka kai ta.
Ranar da mahaifiyarta ta cika a Halan
ƙa'ida ta ce kada ta taka ƙafarta.
Masu neman mijin sun san za a yi jana'iza,
sun fake kan tudu suna dakon motarta.
Ta zauna a kicin ta yi kuka a hankali
kada maƙwabciya ta ji ta tambaye ta.
In wannan ake kira kariya,
to ɗauri ne da alƙali bai yanke ba ya hau kanta.

Auta:

Gwaggo kin sa mu hawaye,
a bar ƙaramin gida ya ɗan ja birki.
Ni mashal ɗin fim nake kallo,
shi ne kullum ke ba ni mamaki.
Kowane kashi sai ya harbe mutum,
ya gyara malafa ya koma aiki.
Ba dogon rahoto, ba zaman bincike,
oga ya harare shi kawai ya yi tsaki.
Na gaske tun 1789 ake da su,
zamanin George Washington, zamanin doki.
Yininsu rakiyar fursuna, farautar gudajje,
da gadin kotu ɗaki bayan ɗaki.
A 1960 su suka raka Ruby Bridges,
baƙar fata 'yar shekara 6, yarinyar kirki,
har ƙofar makarantar fararen fata,
masu zagi sun cika titi sun wage baki.
Wannan ya fi mini harbi ɗari,
amma mai shirya fim ba ya ba shi maki.

'Yar Lauya:

Auta ka iya. Gwaggo, a ba ni baiti biyu.

Ita ma sai da ta sa hannu a takarda,
ba a shigar da baligi dole cikin shiri.
Ƙofa a buɗe take ranar da ta so fita,
sai dai ta fita da sanin hatsari.

Gwaggo:

Sa hannu da masu bindiga a bayan gida, 'yar nan,
wannan kike kira da yardarta?
Yaron ko biro bai iya riƙewa ba
aka shafe sunansa aka sake rubuta.