Neman shawara: rigunan tsohuwar ƙungiyar besbol sun maƙale a hannuna

Mai tambaya: Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina zaune kusa da Hagerstown a jihar Maryland ta Amurka, sana'ata buga zane a jikin riguna. Garin ya yi wata ƙaramar ƙungiyar besbol, Hagerstown Suns, tun 1981, har shahararren ɗan wasan nan Bryce Harper ya buga mata wasa a 2011, amma ta watse bayan MLB, babbar hukumar besbol ta Amurka, ta rage ƙananan ƙungiyoyin da ke ƙarƙashinta daga 160 zuwa 120 a ƙarshen 2020, daga baya ma aka rushe filinta wanda aka gina a 1930. Da na ga yadda dattawan garin ke begenta, sai na kwashi adashina na buga riguna da huluna 300 irin na da. Yanzu shafin da nake sayarwa ya sauke kayan saboda tambarin, uwargida kuma ba ta san nawa na zuba ba. Ina mafita?

Dattijo daga Chicago: Wa alaikumus salam. Ɗana, kwantar da hankalinka. A dokar Amurka, alamar kasuwancin da ta shekara uku ba a amfani da ita, ana ɗauka an yi watsi da ita. Ka mayar da kayanka kasuwa.

'Yar'uwa daga Bronx: Baba, a gafarce ni, haƙƙin mallakar zanen kansa daban yake, kuma ba ya faɗuwa don ƙungiya ta mutu. Yaya, ka bincika rajistar USPTO, wato ofishin rajistar alamun kasuwanci na Amurka, ka ga lauya, amma kafin duk wannan ka faɗa wa matarka gaskiya.

Wani ɗan'uwa: Ni adashin ne ya sosa mini inda ke yi mini ƙaiƙayi. Namu ya watse bara, wanda ya fara kwasa har yau ba ya ɗaga wayata.

Mai tambaya: Ƙanwata, kuɗin lauya zai cinye ribar. Kuma ban yi gaggawa ba, domin kamfanin Ebbets Field Flannels da aka kafa a Seattle tun 1988 yake wannan sana'a ta yin rigunan tsofaffin ƙungiyoyi.

'Yar'uwa daga Bronx: Su da yadin ulu suka yi suna. Kai wane yadi ka yi amfani da shi, kuma izinin wa ka nema?

Dattijo daga Chicago: Yara, na riga ku zuwa ƙasar nan. Lauya ɓarnar kuɗi ne. Ka kai su kasuwar ƙarshen mako ka baje.

Mai tambaya: Na gode, Baba. Maganar uwargida kuwa, a bar ta tukuna.