Mota na ɗaukar zafi, gasket ne ko wani abu?

An yi tambaya kan wata mota da ke ɗaukar zafi har tana tafasa ruwa, ko gasket (shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa) ne ya ƙone, sai na tattara abin da aka ce. Yawanci dai sun ce kar a yi saurin sauke top (wato kan inji), a fara duba fanka, murfin lagireto, wata famfo (famfon da ke zagaya ruwa cikin inji) da tamostat (abin da ke buɗe wa ruwa hanya zuwa lagireto in inji ya yi zafi), don sau da yawa nan matsalar take kuma ba tsada.

In gasket ne ya ƙone, da safe inji da sanyi ka buɗe lagireto ka tada mota, in ruwan na ta kumfa ba tsayawa to da alama shi ne, haka in salansa na fitar da farin hayaƙi mai kauri ko bayan inji ya ɗumama, ko ka zaro sandar gwada baƙin mai ka ga ya koma kamar shayi da madara. Ruwa na raguwa kullum amma ƙasa a bushe, shi ma alama ce.

Maganar cire tamostat an yi gardama sosai, ni dai ban goyi baya ba. Kuma don Allah kar a buɗe lagireto da zafi, ruwan zai watso a fuska. In an sauke top ɗin, a gwada ko ya lanƙwashe kafin sa sabon gasket.