Ƙullutun ƙashi a baki da haƙoran roba: abin da 'yan uwa suka tattauna

Jama'a, maganar ƙullutun ƙashin da ke fitowa a baki da yadda yake shafar haƙoran roba ta yi tsawo, ga abin da na tattaro.

1. An yarda ba ciwon daji ba ne. Likitoci na kiransa torus. Ƙashi ne mai tauri da ke tsirowa a hankali a tsakiyar ganɗa, ko a cikin muƙamuƙin ƙasa ta gefen harshe, galibi hagu da dama. Na ganɗa ya fi yawa ga mata. Gado daga iyaye da cizon haƙora cikin barci na da hannu.

2. Da yawa ba su san suna da shi ba sai ranar awon haƙoran roba. Fatar da ke kansa siririya ce, roba na gogar ta ta yi gyambo, haƙoran kuma su riƙa rawa wajen tauna.

3. Nan aka rabu. Wasu suka ce ƙarami ba ya buƙatar wuƙa, likita ya bar masa gurbi a jikin robar. Wasu suka ce babba gara a yi aiki a cire, a jira wurin ya warke kafin awo. A ganina girmansa ne zai raba gardamar, kuma likitan haƙori ne zai duba.

4. Kada a kai wa wanzami. Babu wanda ya musa.

5. Kumburin da ke girma da sauri, ko mai zafi, ko gyambon da ya wuce mako 2, a garzaya asibiti. An ambaci Barau Dikko a nan Kaduna da asibitin koyarwa na Shika da ke Zariya.